Ango na tambaya: Zanzibar ko Maldibs, kuma wane gefe zamu sauka?

Ƙanin wani abokina ne ya turo min wannan tambayar, yace ɗaurin aurensa ƙarshen Disamba ne, yana so ya kai amaryarsa bakin teku suyi kwana shida, ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin tsibirin Zanzibar na Tanzaniya da Maldibs, kuma da ya buɗe Booking.com sai kansa ya ƙara ɗaurewa don otal basa ƙirguwa kuma kowanne hotonsa yafi na ɗan uwansa kyau. Amarya mai hijabi ce, bata son inda za'a dinga kallonta ko inda ita zata dinga kau da kai. Yace in faɗa masa inda zasu sauka.

Toh ango, da farko Allah ya sanya alheri, Allah ya bada zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ni sana'ata kenan, na fara da tikitin Umara da na 'yan kasuwar Dubai anan Kano, daga baya matasa irinku suka fara zuwa ofis da hoto a waya suna cewa Alhaji nan nake so ka kaimu, dole na koyi wannan ɓangaren shima. Abin da zan fara gaya maka shine ka rufe hotunan otal ɗin nan tukunna, ba otal ake fara zaɓa ba, gefen tsibirin ake fara zaɓa, domin a tsibiri ɗaya zaka samu gefen da ruwa yake nan daga safe har dare da gefen da ruwan yake tafiya ya barka da yashi, kuma wallahi babu otal ɗin da zai rubuta maka wannan a saman shafinsa.

Ni da kaina sai da na ƙona hannu kafin na gane. Shekarun baya wani bawan Allah ɗan kasuwar Kwari ya kawo min kuɗinsa, irin tafiyar da kake shirin yi, na zauna na zaɓa musu wani otal a gabashin Zanzibar saboda hoton da na gani, ruwa shuɗi har gindin matakala. Washegarin saukarsu wajen ƙarfe goma sha ɗaya nasu ya kirani ta WhatsApp ko gaisuwar kirki bamu yi ba yace Alhaji ina ruwan? Ya juya min kyamara, farin yashi ne shimfiɗe da ɗan taɓo-taɓo da ciyawa, kwalekwale a kwance a gefensu kamar an jefar, tekun can nesa kamar zare. Naji kunya sosai ranar, domin mutum ya yarda dani ya bani kuɗin guminsa kuma a gaban amaryarsa abin ya faru. Ruwan ya dawo da la'asar, sun samu sunyi wanka, amma kwanakin da suka yi kullum lissafin agogo suke. Bayan nan ne na yanki tikiti naje da ƙafata na zaga tsibirin, tun daga lokacin ban ƙara tura kowa gurin da ban san halin ruwansa ba.

Bari in maka bayanin abin, don mu mutanen Kano ruwan da muka sani Tiga ne da Bagauda da Challawa, ruwan dam yana nan inda ka barshi jiya. Teku ba haka take ba, sau biyu take cika sau biyu take janyewa a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kamar awa shida, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, wato in yau ta cika ƙarfe uku gobe sai wajen huɗu saura. Wata ne yake janta, shi yasa lissafin watanmu na musulunci zai maka amfani fiye da kalandar bature: farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen sha huɗu sha biyar, sune lokacin da cikar take kai maƙura janyewar ma take kai maƙura, a Zanzibar bambancin yana kai wajen mita huɗu. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin yana sauƙi. To gabashin tsibirin ƙasan ruwan a shimfiɗe yake kamar faranti har zuwa inda duwatsun murjani suka yi shinge, shi yasa in ruwa ya sauka sai yayi tafiyar da a wasu guraren takan kai kilomita guda ko fi. A can ƙuryar arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ƙasan yana zurfi da wuri, ruwan yana sauka amma baya guduwa, musamman Kendwa, duk lokacin da ka fito zaka iya shiga.

Kaga da ace wankan teku ne kaɗai maganar da sai ince kaje Kendwa mu rufe zance. Amma kai ka kawo sharaɗi na biyu, sitira, kuma anan ne gizo yake saƙar, domin inda ruwan yafi daɗi nan ne jama'a suka fi yawa. Nungwi da Kendwa nan ne cibiyar 'yan yawon buɗe ido, Turawa kwance a yashi kusan tsirara, kiɗa daga mashaya zuwa mashaya, akwai casun da ake yi a Kendwa duk wata in wata ya cika wanda ake kwana ana yi, ga samarin bakin teku da mutanen gari suke kira papasi, basa cutar da kowa yawanci amma bazaka yi taku goma ba tare da wani ya tareka da tallan yawon jirgi ko zane ko lalle ba. Kuma ka sani gaɓar teku a can ba mallakin otal bace, otal yana da iyakarsa da kujerunsa, daga nan zuwa ruwa hanyar kowa ce. Faɗuwar rana a gurin kam babu magana, rana tana nutsewa cikin ruwa jiragen katako masu filafilai suna wucewa ta gabanta, na tsaya na kalla har aka kira magariba. Amma na tura ma'aurata da dama can, waɗanda matansu suke irin taka, kuma abin da nake ji in sun dawo kusan ɗaya ne, tace gurin yayi kyau amma ni ɗaki na wuni. Ka biya kuɗin jirgi tun daga Kano ta wuni a ɗaki, wannan asara ce.

Gabas kuma ba abu ɗaya bane, kar a ruɗeka. Paje matattarar masu wasan lilo ne da iska, waɗanda suke ɗaura wata babbar lema tana jansu a kan ruwa, matasan Turai sun cika gurin, akwai gidajen abinci da yawa da ɗan hayaniya. Kiwengwa manyan otal ne jere, da yawansu 'yan Italiya suka fi sauka, abinci da kiɗa da tsarin duk nasu ne. Jambiani ƙauye ne dogo a bakin ruwa, gidajen saukar baƙi ƙanana a cakuɗe da gidajen mutane, shine yafi sauƙin kuɗi kuma shine zaka ji kana cikin musulmi 'yan uwanka, kiran sallah yana shigo maka har ɗaki. Matemwe da Pongwe da Michamvi su ne masu shiru, kuma su nake nufi in nace gabas ga ango. Matemwe tana kallon ɗan tsibirin Mnemba inda ake zuwa kallon kifi a cikin ruwa, Michamvi kuma tana da wani gefe da yake kallon yamma ta kan mashigin Chwaka, wato kana gabas amma zaka ga faɗuwar rana.

Kuma janyewar ruwan nan da ta bani kunya, da naje na zauna da ita sai naga ba aibi bace in ka san da ita tun daga gida. A Jambiani na fito da hantsi ruwa ya tafi, sai ga mata sun fito da zannuwansu na kanga sun yafa har ka, sun shiga can ciki inda ruwan bai wuce idon sawu ba, kowacce da gonarta, turaku ne a kafe da igiyoyi a tsakani, a jiki suke ɗaura ciyawar teku da suke kira mwani, in ta girma su cire su shanya su sayar. Na bi bayansu ina tafiya a yashi mai laushi kamar garin tuwo, ƙananan kaguwa suna ruga suna shiga rami, wata dattijuwa ta nuna min ƙafata tana girgiza kai, ashe akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a cikin ramukan, in ka taka ƙayar karyewa take a cikin nama. Saboda haka ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa ku biyun, ko a Sabon Gari zaka samu. Irin wannan tafiyar, ita da abayarta kai da wandonka a naɗe, babu mai kallonku don matan gurin ma a rufe suke, ina ganin zata fi yiwa amaryarka daɗi akan zama cikin Turawa. In ruwan ya tashi dawowa kuma ka juyo da wuri, yafi yadda kake zato sauri.

To wankan fa? Anan ne nake so kasa kuɗinka. Maimakon babban otal mai ɗaki ɗari biyu da katon kududdufin wanka na kowa da kowa wanda ka san bazata taɓa shiga ba, ka nemi ƙaramin guri mai ɗakuna kaɗan da suke bada bila, wato ɗan sashe naku ku kaɗai, da ɗan suwimin ful a cikin tsakar gidan. Amma ka kula sosai, ba kowane wanda aka rubuta naka ne kai kaɗai yake da katanga ba. Na taɓa shiga wani da ful ɗin yake a gaban ɗaki babu komai tsakaninsa da hanyar da ma'aikata suke bi sai 'yan furanni, wani kuma benen kusa yana leƙo shi tsaf. Kafin ka biya ko sisi ka nemi lambar WhatsApp ta otal ɗin kace su ɗauko maka bidiyo, mutum ya tsaya a bakin ful ɗin ya juya da waya ko'ina har sama, ka ga katangar da idonka ka ga abin da yake bayanta. Wanda yaƙi yi ka barshi. Ka tambayi banɗakin shima, don wasu na gayu ne, bango na gilas ko rufin a buɗe. Kuma ɗakin da aka rubuta ana hango teku daga cikinsa daban yake da wanda ƙofarsa take kan yashi, na farkon wani lokacin sai ka fita baranda ka miƙa wuya tsakanin bishiyoyin kwakwa biyu kafin ka hango ɗan shuɗi. Ka buɗe Google Maps ka juya shi hoton sama ka ga inda ginin yake da gaske, sannan ka karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, ka fara da masu ƙorafi kuma na watannin nan, ba na shekara uku baya ba.

Wuta da ruwa kar kace ai ƙasar waje ce. Zanzibar daga babban yankin Tanzaniya ake turo mata wuta ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, akwai lokacin da ta lalace daga Disambar 2009 har Maris na 2010 tsibirin yana duhu, yanzu abin ya gyaru sosai amma ana ɗaukewa. Ka tambaya suna da janareta, kuma yana ɗaukar esi ko fitila da fanka kawai. Zaka bar Kano cikin sanyin hunturu da busasshiyar iska ka faɗa zafi mai gumi, Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinsu, ɗakin rufin ganyen kwakwa yana da kyau a hoto amma in babu esi da gidan sauro bazaku yi barci ba. Ruwan famfo a wasu guraren bakin teku da ɗan gishiri-gishiri yake, na wanka ne kawai. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, wannan kam ba sai ka sayi komai ba.

Sai abinci. Akwai tsarin da zaka biya kuɗi ɗaya ya haɗa komai, ci da sha dare da rana, ejan da yawa shi suke turawa mutane don yafi kawo musu riba, ni ban cika bawa mutanenmu shawararsa ba, saboda wani kaso na kuɗin nan na giya ne da kai bazaka sha ba, kana biyawa wani ne. Ka ɗauki mai karin kumallo da abincin dare, na rana ku fita ku nema, sai dai in gurin a keɓe yake sosai babu gidan abinci kusa, kamar wasu sassan Pongwe, to nan ka ɗauki mai sau uku. Kusan duk mutanen Zanzibar musulmi ne, naman kasuwarsu yankan musulmi ne, amma manyan otal na Turawa wasu suna kawo naman alade a teburin safe, ka tambaya kai tsaye babu kunya a ciki, kuma kace su kwashe kwalaben da suke cikin ɗan firjin ɗaki kafin ku iso. Abincin teku halas ne, sai dai cikin Bakano ba lallai ya karɓi kaguwa da jatan lande da wani mai hannu takwas da suke kira pweza kwana shida a jere ba. Abin da zai riƙeku shine pilau da biriyani da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, capati, mishkaki wanda ɗan uwan tsire ne, da ugali wanda tuwon masara ne sak sai dai yafi namu tauri. Ta zuba yajinta a ƙaramar roba ta taho dashi, zaku gode min.

Maganar sallah akwai abu ɗaya da nake gayawa kowa don na ga wanda ya yi kuskuren. Mu anan gabas da alƙibla kalma ɗaya ce a bakinmu, mutum yana zuwa sai ya ga inda rana ta fito ya shimfiɗa darduma. A Zanzibar Makka tana arewa ne kusan sak, domin kusan layi ɗaya suke daga sama zuwa ƙasa, in kana gaɓar gabas tekun zata kasance a hannun damanka in ka tada sallah. A Maldibs kuma arewa maso yamma ne. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa biyu. Ka tambaya ko banɗakin yana da tiyon tsarki, in babu ka saka ƙaramar buta a akwati da darduma biyu, ba kowane otal ne yake da su ba. In Juma'a zata riskeku a can ka duba nisan masallacin ƙauyen, a Jambiani ko Matemwe da ƙafa ma kana iya zuwa in masaukinka yana kusa da gari.

Yadda zan raba maka kwana shidan, huɗu a bakin teku biyu a cikin tsohon birni, Stone Town, kuma birnin ya zo a ƙarshe. Mutane da yawa suna farawa da birni don yafi kusa da filin jirgi, ni ban yarda da wannan ga ango ba. Yarinyar da ta sha kamu da dina da kai amarya da buɗar kai sati guda bata runtsa ba, ba yawon lungu take buƙata ba, barci take buƙata. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume ku wuce kai tsaye, tafiyar awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi ko wane gefe kuka nufa, kuma otal ɗin ya turo mota, ka daidaita kuɗin tun kafin ku tashi. In kun huta sai ku dawo birni. Zai tuna maka cikin ganuwa, lungunan da mota bata shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, dattawa a dakali suna shan gahawa, UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya tun 2000. Da daddare kuje Forodhani inda ake jera teburan abinci a bakin ruwa ku sha urojo, wani romonsu mai ɗan tsami, da safe kasuwar Darajani don tsaraba, kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi, iyaye mata zasu fi murna da wannan akan duk wata riga. A birnin ka nemi masauki a tsohon gida da aka gyara mai soro a sama, amma ka tambayi hawa nawa ne ɗakin, da yawa babu lifta kuma matakalar a tsaye take, sannan mota a bakin lungu zata ajiyeku a ɗauki akwati a ka.

Maldibs kuma lissafinta daban. Tsibirai ne kusan 1,200 ƙanana, ba guda ɗaya babba da zaka zaɓi gefe ba, a can tsibirin da ka zaɓa shine duniyarka har ka dawo. Iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal ɗaya ya mamaye gaba ɗayansa, babu gari babu kasuwa babu shagon da zaka sayi ko ruwan roba sai nasu kuma a farashinsu, nan ne ɗakunan da suke kan ruwa da kake gani a Instagram. Akwai kuma tsibiran da mutanen ƙasar suke zaune, tun 2009 gwamnati ta basu dama su buɗe gidajen saukar baƙi, Maafushi ce tafi suna, jirgin ruwa mai gudu minti 30 zuwa 45 daga Male, babban birnin ƙasar. A irin waɗannan babu giya babu alade domin dokar ƙasar ta hana, akwai masallaci, kuma Turawa masu kayan wanka an ware musu gefensu da shinge, sauran garin kowa da suturarsa. Ga mai hijabi wannan tsarin yana da daɗi kuma kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba yawanci, sai dai ɗaki ne kawai irin na otal, ba wannan na kan ruwan ba.

Shi na kan ruwan, gaskiya in akwai hali sitirarsa tafi ta ko'ina, matakala ce daga barandarku zuwa cikin teku, amma ko shi ka tambaya ko akwai allon katako tsakaninku da maƙwabta kuma ka nemi na can ƙarshen layi. Inda yake kama mutane shine kuɗin da ba'a gani a farko. Akwai kashi 10 na hidima, akwai harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 a Yulin 2025, akwai harajin muhalli dala 12 kowane mutum kowane dare a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi. Sannan kuɗin kaiku tsibirin, in yana da nisa sai da jirgin sama mai sauka a ruwa, kuɗinsa shi kaɗai zai iya kai ɗaruruwan dala kowane mutum, kuma da rana kawai yake tashi, in jirginku daga Doha ya sauka da yamma liƙis sai kun kwana a Hulhumale kusa da filin jirgi alhali ka riga ka biya wancan daren a can. Abin da Maldibs tafi sauƙi dashi shine biza, a filin jirgi ake bugawa kyauta ta kwana 30, in kana da tikitin komawa da shaidar masauki. Disamba zuwa Afrilu ne raninsu, wato lokacinka yayi daidai da lokacin da ya fi kyau kuma ya fi tsada.

Ita Tanzaniya mai fasfon Najeriya baya samun biza a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an nema ta intanet an tura an tantance, tana ɗaukar lokaci, saboda haka ka fara yanzu, kuma kar ka biya otal ɗin da ba'a mayar da kuɗi kafin ta fito, ka kama wanda zaka iya fasawa. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu ta dala 44 ko da yana da wata, ga katin allurar shawara shima dole ne ku biyun. Akwai ɗan harajin kwana da otal suke karɓa a hannu, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da suka faɗa maka. In zaka canji a Wapa kace sababbin dala kake so, tsofaffi suna wahalar karɓuwa a can, kuma kar ka dogara da katin naira kaɗai. Jirgi daga Kano akwai na Habasha ta Adis Ababa, akwai na Qatar ta Doha wanda yake zuwa duka biyun, sai dai ka tuna hazon Disamba da Janairu yana iya riƙe jirgi a filin Malam Aminu Kano, shi yasa nake son daren farko ya zama wanda za'a iya matsar dashi.

In zaka iya haƙuri, ka ɗaga tafiyar zuwa bayan goma ga Janairu. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara farashi yana kai ƙololuwa a duka guraren biyu, otal da yawa suna ƙara kuɗin liyafar dare ta dole wadda kiɗa ce da giya, ko baka halarta ba ka biya. Sati biyu kawai zaka jira kuɗin ya sauko jama'a su ragu, ka dai duba kar ku shiga azumi. Kar kuma ka kai Afrilu da Mayu in Zanzibar ce, lokacin babbar daminarsu ne, wasu otal ɗin ma rufewa suke.

Da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ga abin da zan kama masa: kwana huɗu a ƙaramin guri a Matemwe ko Michamvi mai bila da ful a cikin katanga wanda na ga bidiyonsa, karin kumallo da abincin dare a ciki, rana ɗaya ya ɗauki mota su je Kendwa da sassafe kafin Turawa su tashi su shiga ruwa mai zurfi su dawo, sai kwana biyu a Stone Town a haɗa da Juma'a in ya yiwu. Ka turo min ranakun da kuka tsayar da kuma abin da ka ware na masauki kawai banda jirgi, zan duba maka nawa ga wata zai kama da jadawalin cikar ruwa na waɗannan kwanakin. Kuma ka duba fasfon amarya yau ɗin nan, in saura ƙasa da wata shida ya ƙare ko kuma bata da shi gaba ɗaya, to wannan ne aikin farko kafin duk wani otal.